Idan Aiki Ya Bar Gari: Tambayoyi Kan Masanan da Ke Bin Diddigin Ma'aikata

Ranar da babbar masana'anta ta rufe, 'yan jarida kan zo su ɗauki hoton ƙofar da aka garƙame, bayan mako biyu su kama gabansu. Daga nan aikin wasu masana tattalin arziki ke farawa, kuma wani kan shafe shekara talatin a kai.

Me suke bincikawa takamaimai?

Wa ke da aiki, wa ya rasa, nawa ake biyansa, kuma me ya sa wani gari ke farfaɗowa wani ya kasa tashi. Yankunan da aka fi nazari su ne garuruwan haƙar kwal na Appalachia a Amurka, biranen ƙarfe da motoci irin su Youngstown da Detroit, arewacin Ingila da kudancin Wales, sai gabashin Jamus bayan haɗewar ƙasar a 1990. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba sa yi musu amfani sosai, domin arzikin babban birni kan rufe talaucin ƙaramin gari. Shi ya sa masu nazarin Amurka ke yawan raba ta zuwa yankuna 722, kowanne gwargwadon inda mutum zai fita aiki da safe ya kwana a gidansa.

Ta yaya mutum ke shiga wannan fage?

Sai da digirin digirgir, wanda a Amurka kan ci shekara biyar zuwa shida. Bayan haka ya samu koyarwa a jami'a, ya yi ta wallafa bincike a mujallun masana kafin a tabbatar masa da kujerarsa. Ba kowa ke tsayawa a jami'a ba. Timothy Bartik ya koyar a Jami'ar Vanderbilt, sannan a 1989 ya koma Cibiyar Upjohn da ke Kalamazoo a jihar Michigan, wadda aikinta shi ne binciken samar da aikin yi.

Ashe alƙaluman rashin aikin yi da gwamnati ke fitarwa ba su wadatar ba?

Ba su wadatar ba, wani lokaci ma ruɗarwa suke yi. Wanda ake lissafawa a matsayin marar aiki shi ne wanda yake nema bai samu ba. Wanda ya gaji da nema ya zauna a gida ya fita daga lissafin, sai a ga alƙaluma sun yi kyau alhali gari na cikin wani hali. Christina Beatty da Steve Fothergill na Jami'ar Sheffield Hallam sun nuna haka a yankunan kwal na Birtaniya: bayan rufe ramukan haƙa a shekarun 1980 da 1990, dubban maza sun koma karɓar tallafin rashin lafiya maimakon na rashin aiki. Don haka masanin da ya san aikinsa ya fi duba adadin masu aiki cikin dukan waɗanda shekarunsu suka kai na aiki.

To me ya hana mutane su tattara su koma inda ake da aiki?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace raba kan masana. A 1992 Olivier Blanchard da Lawrence Katz sun yi nazarin jihohin Amurka, suka gano cewa idan jiha ta yi asarar ayyuka, cikin 'yan shekaru rashin aikin yi kan koma yadda yake a da, ba don ayyukan sun dawo ba, sai don mutane sun yi ƙaura. An daɗe ana kafa hujja da wannan, ana cewa kasuwa za ta gyara kanta.

Sai Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a ƙarshen 2001, kayanta masu araha suka cika kasuwannin Amurka. Ma'aikatan masana'antu, waɗanda suka kai kusan miliyan 17 a 2000, suka koma ƙasa da miliyan 12 a 2010. David Autor da David Dorn da Gordon Hanson suka bi yankunan da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da sakamako a 2013. Inda ake ƙera kujeru, tufafi da takalma, aiki ya ragu, albashi ya sauka, masu karɓar tallafin gwamnati suka ƙaru, amma mutane ba su tashi ba.

Kuma in aka duba da idon basira, zamansu ba wauta ba ne. Gidan da mutum ya mallaka ya faɗi daraja ranar da masana'anta ta rufe, kuɗinsa ba zai saya masa rabin irinsa a birnin da ke bunƙasa ba. Iyayensa tsofaffi na nan, masu riƙe masa yara na nan. Ƙwarewar da ya tara shekara ashirin a kan na'ura ɗaya ba lallai wani ya biya ta ba. Masu ilimi da ƙuruciya su ne ke samun tafiya, tafiyarsu kuma ƙara kwantar da garin take yi.

Yaya suke tabbatar da cewa abu kaza ne ya jawo abu kaza?

Ba za a rufe masana'anta don gwaji ba, sai dai a nemi inda tarihi ya yi gwajin da kansa. Dabarar da ake dangantawa da Bartik tun 1991 ita ce a duba irin sana'o'in da yanki ya dogara da su tun farko, a auna yadda suka tashi ko suka faɗi a ƙasa baki ɗaya, a ga abin da ya faɗo wa yankin daga waje. Wasu kuma bayanan albashi na hukuma suke bi. Da irinsu Louis Jacobson da Robert LaLonde da Daniel Sullivan suka nuna a 1993 cewa daɗaɗɗun ma'aikatan Pennsylvania da aka sallama a babbar kora suna samun ƙasa da abin da ya kamata da kusan kashi 25 cikin 100, har bayan shekara biyar.

A taimaki mutum ko a taimaki wuri?

Da can mafi yawan masana na cewa a ba mutum tallafi ya je inda ya ga dama. Yanzu da yawa sun sassauto, har da Edward Glaeser da Lawrence Summers, waɗanda a 2018 suka goyi bayan karkata taimako ga yankunan da zaman banza ya yi katutu. Rigimar ta koma kan irin taimakon. Gwamnoni sun fi son rangwamen haraji don jawo babban kamfani, ko ba komai akwai yanke kyalle a gaban kyamara. Bartik ya tattara binciken da aka yi, ya kimanta cewa rangwamen kan sauya shawarar kamfani ne a kashi 2 zuwa 25 cikin 100 kawai. Sauran da ma za su zo. Jihar Wisconsin ta yi wa Foxconn, kamfanin ƙera kayan lantarki na Taiwan, alƙawarin kusan dala biliyan 3 a 2017 kan ayyuka 13,000, a 2021 aka sake yarjejeniya kan ƙasa da 1,500. A ganina hujjar Bartik ta fi ƙarfi: horar da ma'aikata kan abin da kamfanonin yankin ke nema, da taimaka wa ƙananan masana'antu da shawara da filin gini, sun fi araha a kan kowane aiki guda.

Masu mulki na sauraronsu kuwa?

Suna saurare, amma a makare, kuma laifin ba nasu kaɗai ba ne. Sai abu ya faru, alƙaluma sun taru, mujalla ta tantance, kafin masani ya iya magana da tabbaci. Binciken su Autor ya fito ne fiye da shekara goma bayan Sin ta shiga ƙungiyar cinikayyar. Da suka sake komawa kan yankunan a 2021, sun tarar har zuwa 2019 adadin masu aiki bai dawo ba.