Mene ne bashin gida na "ofset", kuma biya ya fi ko ajiya?

Duk wanda ya shiga neman bashin sayen gida a Birtaniya zai ci karo da wani nau'i da ake kira ofset mogej. Bashin gida ne da banki ke haɗa shi da asusun ajiyar mai bashin, a banki ɗaya. In an zo lissafin kuɗin ruwa, sai a cire abin da ke cikin ajiyar daga bashin, a ɗora ruwa a kan ragowar kawai. Ajiyar kuwa ba ta kawo ko kwabo, ladanta shi ne ruwan da ta hana a ɗora. A Ostireliya ma tsarin ya yaɗu sosai.

A ce ana bin mutum fam 200,000 da ruwan kashi 5 cikin ɗari a shekara, yana kuma da fam 30,000 a asusun da aka haɗa. Banki zai yi lissafi a kan fam 170,000. Maimakon ruwan fam 10,000 a shekara, kusan fam 8,500 zai hau kansa. Fam 1,500 ya tsira ke nan. Yawancin bankuna kan ba shi zaɓi: ko a rage masa biyan wata, ko ya ci gaba da biya yadda ya saba har bashin ya ƙare kafin wa'adi.

To a nan ne tambayar da masu irin wannan bashi ke yawan yi take tasowa. In rarar kuɗi ta shigo hannu, a zuba ta kai tsaye a rage uwar bashin, ko a bar ta a ajiyar? Ta fuskar ruwa, duk ɗaya ne. Wanda ya biya fam 30,000 bashinsa ya koma 170,000, wanda ya ajiye su ma a kan 170,000 ake masa lissafi. Mutane da yawa ba sa yarda da haka da farko, domin a takarda bashin mai ajiyar yana nan 200,000, kuma lambar tana tsone ido.

Bambancin yana wajen dawowar kuɗin. Abin da ke ajiya na mai shi ne, ranar da ya so zai cire, ko rufin gida ya yi yoyo, ko aiki ya tsaya, ko an bugo daga gida ana neman kuɗin asibiti. Abin da aka zuba a bashi kuwa ya shige cikin bulo. Mai son ya dawo da shi sai ya sake neman rance, banki ya sake duba albashinsa, kuma lokacin da mutum ya fi matsuwa, wato bayan ya rasa aiki, shi ne lokacin da banki ya fi saurin cewa a'a. Ga kuma iyaka: a yarjejeniyar da aka tsayar da ruwa na wasu shekaru, bankuna da dama ba sa barin a biya fiye da kashi 10 cikin ɗari na bashin a shekara ba tare da tara ba. A ganina, wanda ya riga ya ɗauki ofset sannan yake ta zuba rararsa a bashin, ya sayi abu ne ya ƙi amfani da shi, tunda ruwan ofset kan ɗara na bashin gida na yau da kullum, kuma wannan damar cirewa ce ake biya wa ƙarin.

Amma biya yana da nasa masu shi. Na farko, mai sakin hannu. Kuɗin da ake gani a waya kullum suna da saurin zama mota ko biki, kuma duk fam ɗin da aka cire, ruwa zai koma kansa nan take. Wanda ya san halinsa gara ya kulle su a bashin. Na biyu, maganar tallafin gwamnati: a tsarin Universal Credit, ajiyar da ta haura fam 6,000 tana rage abin da za a ba mutum, wadda ta haura fam 16,000 kuwa tana hana shi gaba ɗaya, alhali gidan da yake zaune ciki ba a lissafa shi. Sai kuma lokacin sauya banki, inda ake duba girman bashi a kan darajar gida kafin a tsayar da yawan ruwan da za a ɗora, don haka ƙaramin bashi kan jawo ruwa mai sauƙi. Wannan ba ya buƙatar gaggawa, domin mai ajiya zai iya kwashe ta ya rage bashin a lokacin da zai sauya.

Haraji shi ne abin da ya sa ofset ya fi karɓar masu babban albashi. Tun 2016, mai biyan harajin kashi 20 yana da sassaucin fam 1,000 na ruwan ajiya da ba a cire masa haraji a kai kowace shekara, mai kashi 40 fam 500, mai kashi 45 ba shi da komai. Ruwan da aka kauce wa biya kuwa ba kuɗin shiga ba ne, don haka babu haraji a kansa. Mai biyan kashi 40 da ya cinye sassaucinsa, sai ya sami asusun da ke ba da sama da kashi 8 kafin ya kamo abin da ofset mai kashi 5 ke yi masa. Wanda ajiyarsa 'yar kaɗan ce, ƙarin ruwan ofset ɗin zai iya cinye ribar duka, bashin yau da kullum mai rahusa ya fi masa.

Ga Musulmin da ke gudun riba, ofset yana rage ruwa ne kawai, bai kawar da shi ba. Masu wannan damuwa a Birtaniya kan nufi bankunan Musulunci irin su Gatehouse, inda banki da mai saye ke haɗa hannu a mallakar gidan, mai sayen yana biyan haya a kan kason banki yana kuma saye shi sannu a hankali.