Dokar Hanya da Rayukan Masu Tafiya a Ƙasa da Masu Keke: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ake bukatar doka ta musamman domin waɗannan mutane?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗuran hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Wanda ke cikin mota yana da ƙarfe kewaye da shi da bel a ƙirjinsa. Yarinyar da ke tsallaka titi da jakar makaranta a bayanta kuwa, jikinta ne kawai ke karɓar bugun.

Wace doka ce ta fi ceton rai?

A ganina, babu wadda ta kai dokar kayyade gudu. Idan gudun mota ya ninka biyu, ƙarfin bugunta yakan ninka huɗu, haka ma tazarar da take ci bayan an taka birki, ga shi kuma direba mai gudu ba ya ganin abin da ke gefen titi sai ya zo daf da shi. Wannan ne ya sa taron ministocin ƙasashe kan kiyaye haɗuran hanya da aka yi a Stockholm, babban birnin Suwidin, a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin awa a duk inda mutane da motoci ke cakuɗa. Sifen ta mai da shi doka a 2021 a titunan cikin gari masu layi ɗaya a kowane hannu, birnin Paris ma ya yi hakan a yawancin titunansa a shekarar.

Mai keke fa, me doka ta tanadar masa?

Tun daga Janairun 2022, ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya sun bukaci direba ya bar aƙalla mita 1.5 tsakaninsa da mai keke idan zai wuce shi, domin rami ɗaya ko ƙofar motar da aka buɗe ba zato ya isa ya karkatar da keke zuwa ƙarƙashin taya. Sun kuma ɗora nauyi mafi girma a kan wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna. Holan ta wuce nan: idan mota ta buge mai keke ko mai tafiya a ƙasa, direba, ta hanyar inshorarsa, yakan biya aƙalla rabin diyya ko da laifin na wanda aka buge ne, in kuwa yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14, yakan biya duka.

Wannan ba zalunci ba ne ga direba?

Maganar diyya ce, ba ta ɗauri ba. Manufarta ita ce kada wanda ya karye ya koma yana jigilar kotu kafin ya samu kuɗin magani.

Rubuta dokar kaɗai ya wadatar?

Bai wadatar ba. Titi mai faɗi kuma miƙaƙƙe yakan ja direba ya taka mota ko da allon gefen hanya ya hana. Shi ya sa majalisar Suwidin ta amince a 1997 da manufar kawar da mace-macen hanya baki ɗaya, wadda ta ɗora alhaki a kan masu tsara titi su ma: su gina tudun rage gudu, su ware hanyar keke da shinge, su haskaka wuraren tsallakawa da dare. A 2019, birnin Oslo na Norwe ya kammala shekara ba tare da mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ya mutu a titunansa ba.