Gaya nawa ce a duniya? Tambayoyi da amsoshi kan suna ɗaya mai masu shi da yawa

Idan an ce "Gaya", wacce ake nufi?

Sai an ji daga bakin wa ta fito. Bakano na nufin Gaya ta Jihar Kano, garin da tarihin baka ya ce daga can maƙeran farko suka taso zuwa Dutsen Dala neman tama. Ɗan Nijar kuwa na nufin Gaya ta yankin Dosso, a bakin Kogin Kwara, inda gada ta haɗa ta da Malanville ta ƙasar Benin. A Indiya akwai birnin Gaya a jihar Bihar (a 2025 gwamnatin jihar ta mayar da sunansa Gaya Ji), kusa da Bodh Gaya inda mabiya addinin Buddha ke kai ziyara. A kudancin Koriya ma an yi wata tsohuwar ƙungiyar masarautu mai suna Gaya, wadda daular Silla ta cinye a shekarar 562.

Mutane fa?

Tsohon Sanata Kabiru Gaya, gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, sunan garinsu ya ɗauka, kamar yadda Hausawa suka saba. José Gayà mai tsaron baya na Valencia kuwa sunan zuriyarsu ne a Sifaniya.

Ashe ba asalinsu ɗaya ba?

Ko kusa. Lissafi ne ke jawo haka. A ce harshe na da baƙaƙe 20 da wasula 5: gaɓa 100 ke nan. Kalma mai gaɓa biyu irin "ga-ya" ba za ta wuce siffa 10,000 ba, ga kuma harsuna wajen 7,000 suna ɗiba daga wannan ɗan rumbu. Dole a yi ta karo. Rubutun boko ya ƙara dagula lamarin, don ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Shi ya sa "gaya masa" da gayan tuwo marar miya suke fitowa iri ɗaya a takarda, alhali kunne na bambance su.

Yaushe kamannin suna ke nuna dangantaka ta gaske?

Sai in akwai shaidar ƙaura ko ciniki, kuma ma'anar ta dace. Unguwannin Zango na Kumasi da Accra daga zangon fatake na Hausa suka samo suna, tarihin cinikin goro ya tabbatar. Mai cewa mutanen Bihar daga Kano suka tafi saboda haruffa huɗu sun yi daidai, ba shi da hujja, kuma irin wannan zance yana ɓata tarihi.

Ta yaya za a kauce wa ruɗani?

Kada a bar sunan shi kaɗai. A takardar aika kaya ko gurbin wurin haihuwa, a rubuta gari, jiha da ƙasa: Gaya, Kano, Najeriya. A manhajar taswira ko ta hasashen yanayi a duba ƙasar da ke ƙarƙashin sunan kafin a latsa, domin manhaja kan iya fara kawo birnin da ya fi yawan jama'a, wato na Indiya.