Dunƙulen dabino

Dunƙulen dabino abin zaƙi ne da ake haɗawa ba tare da an ɗora tukunya ba. Ana cire wa dabino ƙwallo, a kirɓa shi da aya ko kwakwa ko gyaɗa ko riɗi, sannan a mulmula shi ƙanana-ƙanana. Ba a zuba masa sukari, domin zaƙin dabinon ya wadatar, kuma danƙonsa ne ke riƙe sauran kayan. Yana cikin jerin ɗanyen kayan marmari da ake ajiye wa baƙi a ranakun biki, kamar Sallah da walima da Kirsimeti. A Turai da Amurka ana sayar da shi a matsayin sabon abincin masu kula da lafiya, amma asalinsa ya girmi wannan kasuwa da ƙarnuka masu yawa.

Asali

Itaciyar dabino na daga cikin itatuwan da ɗan Adam ya fara renowa. An tono ƙwallayensa a tsibirin Dalma da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da kuma a Kuwaiti, ana kuma ƙiyasin sun kai wajen shekara 7,000. Ba a tantance lokacin da aka fara dasa shi da gangan ba. Abin da ya ba shi daraja a hamada shi ne yana bushewa a kan itaciyarsa, ya yi watanni bai lalace ba, ga shi da sauƙin ɗauka a bayan raƙumi.

Larabawa suna da wani abinci da suke kira haisu, wanda ake yi da dabinon da aka cire wa ƙwallo, a cuɗa shi da man shanu da busasshen cuku. Hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Sahihul Bukhari ya nuna cewa haisu aka ci a walimar auren Annabi Muhammadu (SAW) da Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Khaibara, a shekara ta 7 bayan Hijira, wajen 628 Miladiyya. An shimfiɗa buzu, kowa ya kawo abin da ke gare shi, wani dabino, wani mai, aka cuɗa. Wannan ita ce tsohuwar shaida mafi shahara a kan cin kirɓaɓɓen dabino a taron murna. Daga Anas ɗin dai aka ruwaito cewa Annabi ba ya fita Idin ƙaramar Sallah sai ya ci dabino, kuma mara yake ci, wato ɗaya ko uku ko biyar. Haka ma buɗa-baki, da ɗanyen dabino yake farawa, in babu sai busasshe, in babu sai ruwa. Waɗannan ruwayoyi ne suka ba dabino gurbin da har yau yake riƙe da shi a gidajen Musulmi a watan azumi da safiyar Sallah.

Da aka shiga zamanin Abbasiyawa, haisu ya shiga fada. Littafin girki da Muhammad al-Baghdadi ya rubuta a Bagadaza a 1226 ya kawo shi da garin busasshen burodi da almon da fistashiyo da man riɗi, a dunƙula shi, ya kuma ce ya dace da matafiya. A can an riga an fara barbaɗa masa sukari. Yahudawan Gabas ta Tsakiya suna da makamancinsa mai suna haroset, haɗin dabino da 'ya'yan itace da ake ci a Idin Ƙetarewa. A Indiya kuwa ana yin laddu na dabino a bikin Diwali, ko da yake su sukan ɗan soya shi da man shanu.

A ƙasar Hausa da Azbin

Dabino ya daɗe yana shigowa ƙasar Hausa ta hanyar ayari. Azalai, ayarin gishiri na Buzaye, yakan tashi daga Azbin da kaka ya ratsa hamadar Tenere zuwa garuruwan Faci da Bilma, ya kai gero, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan kayan su gangaro kudu zuwa Damagaram da Kano. A In Gall da Timiya ma akwai lambunan dabino. Buzaye suna da nasu haɗin da suke kira agajira, wato gero da dabino da cuku a daka su tare, a dama da ruwa. Abin sha ne na tafiya da na saukar baƙo, kuma kusancinsa da haisu a bayyane yake.

Bahaushe kuwa yana da gumba, wadda ita ma ɗanyen abu ce: gero ake surfawa a wanke a daka, a sa masa zaƙi, a cura, a raba a wurin suna ko sadaka. Kafin farin sukari ya yawaita a ƙarni na 20, zaƙin da ake da shi shi ne zuma da mazarƙwaila da dabino da 'ya'yan itatuwan daji. Goruba, kanya, magarya, ɗinya, taura, aduwa, garin ɗorawa da garin kuka duk abin tsotsa ne ko abin gaigaya da ba ya bukatar wuta. Abin takaici ne cewa yawancinsu sun koma kayan tallar ƙofar makaranta, ba kasafai ake ganin su a farantin baƙi ba, alhali garin magarya da na goruba suna shiga dunƙulen dabino su zauna daram.

Aya ce babbar abokiyar dabino a wannan yanki. Jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta a Nijar, ana kuma noma ta a Katsina da wasu jihohin arewacin Najeriya. Ita ma tsohuwa ce, don an zana yadda ake daka ta a haɗa da zuma a kabarin Rekmire, wazirin Fir'auna Tutmos na Uku, a wajen ƙarni na 15 kafin Miladiyya. Haɗin aya da dabino da kwakwa, wanda masu baro ke jerawa wuri guda, shi ne tushen kunun aya, kuma shi ne dai ake kirɓawa a dunƙula. A Dutse ta jihar Jigawa akwai reshen cibiyar binciken itatuwan kwakwar manja ta Najeriya, NIFOR, wanda ke aiki a kan dabino. Duk da haka yawancin dabinon da ake ci a Najeriya daga waje yake zuwa.

Harkar ɗanyen abinci

Ra'ayin cewa ɗanyen abinci magani ne ya yi ƙarfi a Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Likita Maximilian Bircher-Benner (1867–1939) na birnin Zurik a Suwizalan ya riƙa ciyar da majinyatansa ɗanyen tuffa da hatsin ots, abin da ya zama muesli a wajen 1900. A haɗinsa na farko har da madarar gwangwani mai zaƙi. A Amurka, Ann Wigmore (1909–1994) ta yaɗa ra'ayin daga birnin Boston. Mabiya wannan tafarki ba sa ɗumama abinci ya wuce kimanin digiri 48 a ma'aunin Salsiyas. A 2003 aka fara sayar da Lärabar a jihar Kolorado, wanda dabino ne da 'ya'yan itace aka matse a leda, kamfanin General Mills ya saye shi a 2008. Nau'in dabinon da mabiya wannan tafarki suka fi so shi ne majhul, ɗan asalin Maroko, wanda aka kai 'ya'yan dashensa goma sha ɗaya Amurka a 1927.

Masu wannan ra'ayi suna cewa dafuwa na kashe sinadaran da ke taimaka wa narkewar abinci. Yawancin masana abinci ba su yarda ba.

Yadda ake haɗawa

Busasshen dabino irin wanda ya fi yawa a kasuwannin arewa sai an jiƙa shi ya yi laushi. Mai taushi kamar digila ko ajwa ba ya bukata. Ana tsaga kowane ɗaya a duba cikinsa saboda tsutsa. Ita ma aya ana tsince tsakuwarta, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe. Mafi yawa sukan sa dabino da sauran kayan kai ɗaya, a kirɓa a turmi ko a blanda har ya kama jikinsa. Citta ko kanumfari ko kirfa kaɗan suna ƙara masa ƙamshi, ɗan gishiri kuma yana fito da zaƙin. Bayan an mulmula sai a mirgina shi cikin gogaggiyar kwakwa ko riɗi. Wasu ba sa daka dabinon, tsaga shi suke yi su cusa masa gyaɗa ko kashu. Wanda aka yi da ɗanyar kwakwa ba ya jure zafi, sai a firiji.

Batun sukari

"Mara sukari" a nan na nufin ba a ƙara masa ba. Busasshen dabino kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na nauyinsa sukari ne na halitta, kuma giram 100 na ɗauke da kalori kusan 280. Fifikonsa a kan alewa da cincin shi ne yana zuwa da harza, wajen giram 7, da sinadarin fotasiyam, ga man aya da na gyaɗa da ke rage saurin hawan zaƙi cikin jini. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a yini, in ya yiwu ma kashi 5, wato kimanin ƙaramin cokali shida. Zuma da ruwan 'ya'yan itace suna cikin wannan lissafi, ɗan itacen da aka ci da namansa ba ya ciki. Mai ciwon suga ya kamata ya ƙidaya dunƙulen da ya ci, ya kuma bi shawarar likitansa.

Abin lura

Gyaɗa ko ayar da ta yi fumfuna na iya ɗauke da gubar aflatoksin mai illa ga hanta, dafuwa ma ba ta kawar da ita. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Kashun da ake sayarwa da sunan ɗanye an riga an turara shi, domin ɓawonsa na da mai mai ƙona fata.