Kunne Ba Ya Auna Gudun Janareto

Ranar Talata, a zagayen da muke yi wa masu ƙananan sana'o'i, na shiga shagon wani mai sayar da ƙanƙara a Agege, na tarar da shi ya haɗe rai. Firiza ta biyu ke nan da ta ƙone masa tun bayan Sallah. Na ce, "Alhaji, wa ke duba maka janareto?" Ya ce wani yaro ne, har ya rage masa gudun injin don fetur ya riƙa daɗewa. Na ce da me ya auna? Ya ce, "Da kunne mana."

To, nan gizo ke saƙar.

Wutar janareto kai-komo take yi cikin waya. A Najeriya sau 50 ne kowace daƙiƙa, shi ne 50Hz da kuke gani a bayan firiza, Hz ɗin daga sunan wani masanin Jamus ne, Heinrich Hertz. Amurka 60 suke amfani da shi. Wannan bugun kuwa ɗaure yake da gudun injin. Ƙaramin janareton fetur sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da 50, manyan na dizal galibi 1,500. Ka sassauta gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, juyi ya koma 2,700, wutar ta sauka 45.

Abin da ke yaudarar mutane, agogon bolt na iya zama kan 220 lafiya lau, don AVR, na'urar da ke daidaita bolt ɗin, na riƙe da shi. Kwan fitila ba ruwansa, cajar waya ma haka. Amma duk abin da ke da moto, firiza ce, famfon rijiyar burtsatse ne, fanka ce, gudunsa zai ragu, ya ɗau zafi, wata rana kwail ya ƙone. Masu kemis da ke ajiye allura a firiji, da ku nake musamman.

Na'ura biyu ke raba gardama. Ta farko mitar Hz. A cikinta akwai ɗan dutsen kwatz irin na agogon hannu, shi ke riƙe lokaci daidai, ita kuma ta ƙirga sau nawa wutar ta je ta dawo, ta rubuto lamba a fuskarta. Wasu janareto da ita suke zuwa, akwai ta cikin yawancin maltimita na masu wayarin, akwai kuma wadda ake sokawa a soket kawai. A kasuwar Alaba ba wuyar samu.

Ta biyu takomita, mai ƙirga juyin injin kansa. Wadda na fi so ita ce mai jan haske. A kashe injin, a manna ɗan tef mai ƙyalli a jikin fulin, a tayar, a haska daga nesa. Duk zagaye ɗaya tef ɗin ya mayar da haske sau ɗaya, ita ta lissafa na minti. Kada a manna tef biyu, lambar za ta ninka. Akwai kuma wadda ake naɗa wayarta a wayar fulogi, tana ƙirga tartsatsi. Masu injin markaɗe a Idi-Araba, mai jan hasken taku ce, tunda naku bel ne da fuli.

Idan za a auna, a fara ba kaya a kai, ya nuna wajen 52. A kunna firiza da sauran kaya, ya sauka kusa da 50. Don Allah a tuɓe babbar riga, a ajiye carbi da hirami kafin a matsa kusa da bel. Kuma a waje ake wannan aiki, hayaƙin janareto a rufaffen ɗaki kisa yake yi ba sallama.

Na Alhaji da muka soka mita, 44 ya nuna. Aka kira yaron ya ɗaure gwamna har ya kai 50. Alhaji ya saurari ƙarar, ya ce, "Malam, ai wannan zai sha mai." Na ce zai sha, amma ya tambayo kuɗin kwamfuresa a Alaba tukuna.