Waiwaye: Yadda idanu ke gyara zama kafin mutum ya gane nisan abu

Tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu akwai tazarar kusan milimita 63 a jikin baligi, saboda haka kowane ido da irin hoton da yake ɗauka. A 1838 Charles Wheatstone ya nuna a Ingila, da madubai biyu, cewa wannan ɗan saɓani na hotunan biyu kaɗai ya isa a ga zurfi, wato a gane abin da ke kusa da wanda ke nesa. A 1868 Ewald Hering ya ce idanun umarni ɗaya suke karɓa, kamar shanun huɗa a karkiya guda. Idan abu ya matso sai su karkato ciki, idan ya ja baya su buɗe. Karatu a nisan santimita 40 yana buƙatar karkatowar kusan digiri 9, abin da ke mita 6 kuwa ko digiri 1 bai kai ba.

Tambayar da ta daɗe ita ce: sai mutum ya ga zurfin sannan idanu su motsa? Rashbass da Westheimer sun auna jinkirin da idanu ke yi kafin su fara motsi a 1961, suka samu kusan milisakan 160 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya).

Amsa mai gamsarwa ta fito ne daga ɗakin binciken Frederick Miles a Amurka a shekarun 1990. Ana ɗora wa mutum zoben silikon mai siririyar waya a kan ido, ya zauna cikin filin maganaɗisu don a auna motsin idon, a cika masa gaba da ɗige-ɗige, sai a sauya saɓanin da ke tsakanin hotunan idanun biyu farat ɗaya. Idanun mutum kan fara gyara cikin kusan milisakan 85, na biri ƙasa da 60. A 1997 suka juya launi: ɗigon da yake baƙi a ido ɗaya ya zama fari a ɗayan. Babu zurfin da mutum ke gani a nan, amma idanu suka motsa, kuma ta baibai. A shekarar dai Cumming da Parker suka ga ƙwayoyin sashen gani na farko a ƙwaƙwalwar biri suna juya amsa haka. Wannan hujja ce mai ƙarfi: ɗanyen saɓanin hotuna ke tuƙa motsin, tun kafin gani ya kammala.

Saɓanin yana kuma tace abin da idanu za su bi. Suna bin motsin da ke daidai nisan da aka kafe su, wanda ke gaba ko baya kuwa ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa matafiyi a mota ke iya riƙe bishiya guda da ido alhali komai na wucewa.

Matsala takan zo wa yaro mai harara-garke. Ƙwaƙwalwa na danne hoton ido ɗaya don kada a ga abu biyu, sai ƙwayoyin da ke haɗa hotunan su kasa ƙosawa, don haka jinkirta kai shi asibitin ido asara ce. A gilashin kallo na kwamfuta da ake ɗaurawa a fuska kuwa, idanu na karkata zuwa abin da ya yi kamar ya matso, alhali allon da dole su daidaita gani a kansa yana nan inda yake. Daga nan gajiyar ido da ciwon kai ke tasowa.