Ba wanda ya ce tsohuwa ta shiga kwata da shebur

Tun jiya wata murya ke yawo a WhatsApp wai tankas, masu duba tsabtar gidaje, za su fara kwashe tsofaffi a Nima da Mamobi in an ga bola a ƙofar gida. Hajiyar gidanmu da ta haura 70 ta fito da asuba da tsintsiya tana duƙe bakin kwata, ƙafa na rawa, saura kaɗan ta zame. Don Allah mu bar tsorata iyayenmu.

Dokar tsabtace ƙofar gida ba sabuwa ba ce, ita ce Operation Clean Your Frontage da aka fara aiki da ita a Accra a Fabrairun 2022 lokacin Henry Quartey na ministan yanki. Ta hau kan mai gida, ɗan haya, mai shago, makaranta da wurin ibada, kowa ya gyara gabansa da kwatar da ta bi ta wurin.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne "mai gida". Abin da ake nema gaban gidan ya zama da tsabta, ba a ce wanda sunansa ke kan takardar gida shi zai riƙe shebur ba, jika ya yi, ƴan haya su yi karo-karo su biya mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwasar bola, duk daidai ne. To ina samarin da ke zaune a benci har dare?

Maganar ɗauri kuma, tankas ba alƙali ba ne, nasa ya duba ya rubuta takarda ya kai sammaci, kotu ce kaɗai ke iya ɗaure mutum. Tarar kotu da penalti yunit ake lissafa ta, kowane ɗaya sidi 12. Wanda ya zo ya ce Baba kawo wani abu a kashe magana ba risit, kar a ba shi ko fesuwa ɗaya.

Ni dai ina ganin dokar tsofaffin ta fi yi wa amfani. Likita zai ce mai hawan jini da suga ya riƙa tattaki, ta ina, lungu duk ruwan wanka da robar fiyawata, katakon da aka ɗora kan kwata ya ruɓe? Dattijo ya faɗi sau ɗaya ƙugu ya karye shi ke nan, masallaci ma ya gagara, ya koma ɗaki shi da sauro. Kwalarar 2014 ta kashe sama da mutum 200 a Ghana, ba mu manta ba.

Amma asambili, hukumar gundumarmu, ma su ji tsoron Allah. Mu kwashe kwata mu tara a bakin hanya, mota ba ta zo ba, ruwan sama ya mayar da shi ciki, sannan a kawo wa gwauruwa sammaci? Wannan kam da sake, ranar Asabar zan kai wa asambiliman namu maganar.